Furfurar Kaka a Cikin Alif

Aikin da na ci abinci da shi har na ajiye, idan na bayyana wa mutanen garinmu sai su dube ni da tausayi. Gadin ɗigon ruwa nake yi. Ɗigo ɗaya, bai kai hawayen jariri ba, a wani ɗakin bincike mai sanyi, a ƙasar da ba su san gero ba.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum tana da fatarta, siririya, ta maiƙo. A cikin wannan fata akwai wasu furotin da suke tsaye kamar masu gadin ƙofa, su ke shigo da abin da ake so, su fitar da wanda ba a so. Masana suna son ganin siffarsu, amma ƙanƙantarsu ta wuce a ga guda ɗaya. Dole a lallashi dubban dubbansu su jeru sahu-sahu, kowa ya fuskanci inda na kusa da shi ya fuskanta, har su zama ɗan lu'ulu'u mai fuska da kusurwa, sannan a haska shi a karanta siffar. Su kuma ga taurin kai. Ƙugunsu ya saba da mai, kai da ƙafa sun saba da ruwa. Ka fizge su daga fatar ka jefa a ruwa, sai su yi gudaji kamar kunun da yarinya ta dama. Sai an yi musu ɗamara da wani sabulu mai laushi. Sabulun ya yi yawa, ba za su taɓa juna ba balle su jeru. Ya yi kaɗan, gudaji. Idan an dace, a rufe ɗigon, ruwansa ya riƙa raguwa a hankali, a yi ta jira mako da makonni, ba girgizawa, ba yawan leƙe.

Wani lokaci ɗigon ya ƙi. Ran nan wani babba a wurin aikin ya kira ni, ya rage murya kamar zai ba ni sirrin gidansu, ya nuna mini dabara: a ɗauki silin gashi guda, a taɓa tsohon lu'ulu'u da shi, a ja shi ta cikin sabon ɗigo, gashin zai bar iri a hanyarsa. Na yi dariya har sai da na nemi kujera. Ya ji haushi, kuma da gaskiyarsa. Ban iya gaya masa ba cewa saboda silin gashi guda na kusa raba gidanmu a Madarunfa, ina 'yar shekara goma sha ɗaya.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Mu Kirista ne, cikin 'yan gidajen da ba su cika yatsun hannu ɗaya ba a garin. Baba tela ne. Ya je Maraɗi koyon ɗinki yana saurayi, ya dawo da keken ɗinki, da Littafi Mai Tsarki, da Inna. Kakata, wadda ta haife shi, tana ƙauyensu, Gabi, da carbinta da gonarta, kuma ita ta gama yanke hukunci tun tuni: ɗan da ta haifa ta yaye ba zai bar salla haka kawai ba, sai dai an ba shi wani abu a fura, kuma ta san hannun da ya dama furar. Shekara goma sha biyu ba ta taka gidanmu ba. Ni kam akan kai ni wurinta hutu, tana ji da ni, ta ce jika ba ta da laifi, ko da yake ban taɓa jin ta kira ni da wani suna da ya wuce "ja'ira" ba.

Abin da ya kawo ta gyambo ne a ƙauri, ya ƙi jin maganin gida. Aka ce sai an riƙa wanke shi kowace safiya a disfansar, ɗan asibitin garinmu. Ta iso bisa jaki bayan an gama girbi, da tukunyarta, da ɗan turminta, da geronta, ta sa aka kafa mata randarta daban a bakin ɗakin da Baba ya ba ta. Baba ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, "wancan" take ce masa. Inna kuwa "ɗiyar mutane". Kullum safe Inna ta durƙusa ta gaishe ta, Kaka ta amsa tana kallon katanga. Kullum yamma Inna ta kai mata tuwo, tuwon ya dawo yadda ya tafi. Kajinmu ba su taɓa ƙiba irin ta shekarar nan ba.

Inna ba mai magana ba ce, amma na san abin da take so a duniya: tsohuwar nan ta sa hannu a akushinta ko sau ɗaya. Baba ma haka, har ya fi. Idan tuwon ya dawo sai in ji keken ɗinkinsa ya ƙara gudu.

Ana cikin haka aka kawo mana sabon mushe, wato malami, a lakwal, makarantar bokonmu, saurayi, mai son ya ba ƙauyawa mamaki. Wata rana ya shigo da alif, farin dutsen nan da ake jefawa a ruwan tabki idan ya yi jawur don laka ta kwanta. Kowane gida akwai shi. Ya ce zai sa shi ya girma. Ya narka shi a ruwan zafi har ruwan ya ƙoshi ya ƙi karɓar ƙari, ya tace da ƙyalle, ya ajiye a kwalba. Washegari ga 'yan ƙwayoyi a gindin kwalbar suna ƙyalli. Ya zaɓi guda mai kyawun fuska, ya ce wannan shi ne iri. A ɗaure shi da zare, a rataya a cikin ƙosasshen ruwan da ya huce, a rufe baki da ƙyalle, a ajiye inda ba rana, ba ƙura, ba motsi. Ya faɗi sunan abin da Faransanci, mu dai dutse muke cewa. Wanda ya kawo mafi girma da tsabta, shi ne na ɗaya, kuma za a ajiye dutsensa a kan teburin mushe har ƙarshen shekara.

Ni kuwa a lokacin na fi son in mutu da in zo ta biyu.

Inna ta wanke mini wata kwalbar magani mai faɗin baki. Na fara da zaren Baba. Zaren auduga yana da gashi-gashi a jikinsa, kowane ɗan gashi ya kama nasa dutsen, abin ya fito kamar zangarniyar gero da tsuntsu ya ci rabi. Mushe ya ce dutse ba ya zaɓen wurin zama, duk inda ya sami ƙaiƙayi nan yake farawa, sai in nemi abu mai santsi. Na je wa wutsiyar jakin maƙwabta, na samo sili biyu da shuri ɗaya. Silin ya yi kauri, ƙullin ya ƙi riƙe irin. Nawa gashin ko ɗan yatsa bai kai ba, ga murɗewa. A duk gidanmu, kai har a unguwarmu, mutum ɗaya ce mai gashin da nake nema. Uwar Kaka Bafulatana ce, ta bar mata gashi mai tsawo da laushi, yanzu ya yi fari fat, kuma tana alfahari da shi fiye da yadda take alfahari da 'ya'yanta.

Wata huɗu Kaka ta yi ba kitso, don mai yi mata tana Gabi. Na lura idan Inna ta yi mini sabo, sai ta kira ni ta riƙa juya kaina tana duba tsagar kamar mai sayen ƙwarya. Wata Asabar da hantsi, tana zaune a tabarma, ta ce wa iska, "Kaina na ƙaiƙayi." Ba ta dubi kowa ba. Inna ta ajiye tankaɗe, ta wanke hannu, ta ɗauko man shanu da matsefi, ta zauna a bayanta. Keken Baba ya yi shiru, bai kuma motsawa ba har aka gama.

Kowa a ƙasarmu ya san gashin da ya zuba wurin kitso ba a barinsa a ƙasa. Mai shi take tsince shi, ta dunƙule, ta je ta binne inda ba wanda ya gani, don da gashin mutum ake yi masa asiri. Mu a gidanmu Baba ya ce wannan tsoron banza ne, amma ko Inna nata a murhu take jefawa. Kaka ta tsince nata sili-sili, ta kakkaɓe zane, ta duba ƙarƙashin tabarma. Ba ta duba matsefi ba, don ni na yi ladabin da ban saba ba na ce zan kai ɗaki.

Silin ya yi daidai kamar don ni aka halicce shi. Saura wurin ajiya. Zafi ya fara, ɗakinmu da rana kamar tanda, kuma ruwan alif idan ya ɗumama cinye irin yake yi maimakon ya ƙara masa. Na zagaya gida ina taɓa ƙasa da tafin hannu. Wurin da ya fi ko'ina sanyi, safe da rana bai canzawa, shi ne jiƙaƙƙen yashin da ke gindin randar Kaka. Tana disfansar na tona, na binne kwalbar har wuya, na kifa sakaina a kai.

Yau idan na tuna sai in riƙe baki. Gashin tsohuwa, an ƙulla shi da farin dutse, a cikin kwalba, a binne a bakin ɗakinta, kwana ɗaya bayan surukarta ta taɓa kanta. Ko boka aka biya bai fi haka iya shiryawa ba. Ni kuwa ko a jikina, teburin mushe kawai nake hange.

Kwana biyar dutsen yana girma lafiya. Rana ta shida na dawo cin abincin rana, tun daga ƙofa na ji gidan ba daidai ba. Na laɓe a bayan zana. Kayan Kaka a ɗaure a tsakar gida, tukunya a kife bisa turmi. Tana zaune a kan ƙullin, kwalbata a gabanta. Inna a durƙushe, kai a ƙasa. Baba a tsaye, almakashi a hannunsa, ya manta bai ajiye ba.

Kaka tana cewa, "Wancan, dibi abin da ɗiyar mutane ta bizne mani bakin ɗaki. Shekara goma sha biyu ina hwaɗi, ana cewa tsohuwa ta ruɗe. Sau guda na ba ta kaina. Sau guda!"

Baba ya ce, "Iya, mu ba mu yin irin wannan. Addininmu ya hana."

Ta ce, "Namu ma ya hana, kuma ana yi."

Inna tana durƙushe yadda take. Ta san kwalbar, ita ta wanke ta. Ta ɗago kai kaɗan, idonta ya faɗa cikin nawa ta ramin zana, sai ta mayar da kai ƙasa. A nan na gane ba za ta faɗa ba. Za ta ɗauki abin a kanta, tsohuwa ta tafi da shi Gabi, ya zauna har kabari, don kada a ce 'yarta ce. Ba zan yi ƙarya ba, na yi tunanin in koma lakwal in zauna can har in girma. Na daɗe a bayan zanan nan fiye da yadda nake son tunawa, kuma har yau ina jin kunyarsa.

Sai Kaka ta ce a nemo mata jaki, ko na wane ne. Baba ya juya zai fita, na ga fuskarsa. Ban taɓa ganin babban mutum da irin wannan fuska ba. Na fito.

Na ce, "Kaka, ni ce."

Ta dube ni sama da ƙasa. "An koya maki."

"Ba wanda ya koya mani. Aikin lakwal ne. A matsehi na ɗauka."

"Lakwal ta ce ki kawo kan kakarki?"

Baba ya hana mu rantsuwa, don haka ba ni da abin da zan kafa maganata da shi sai harshena. Na tsoma yatsa a kwalbar na lasa. Na sake tsomawa na miƙa mata. Ta ja baya, ta yi bisimilla, ta tsoma nata yatsan, ta taɓa a harshe. Bauri ya tattare mata baki.

Ta ce, "Alif ne."

"Shi ne. Irin na randarki."

"To mi ya kai gashina cikin alif?"

A nan na yi wautar da ta fi ta farko. Na ce da alfahari, "Dutsen girma yake a jikinsa."

Kaka ta miƙe tsaye, ta manta da gyambo. "Girma! Yana girma bisa gashina! Mi yake ci?"

Tambaya ce mai kyau, na yi shekaru ina jin masu manyan digiri suna yin ta da wasu kalmomi. Na ce ba ya cin kowa. Ruwan ne ya ɗauki alif fiye da ƙarfinsa, yana raguwa kaɗan-kaɗan ta bakin ƙyallen, abin da ya kasa riƙewa sai ya sauke, kuma ya fi son ya sauke a kan ɗan'uwansa da ya tarar a zaune. Gashin igiya ce kawai.

Kaka ta juya maganar a ranta. Sannan ta juya wajen Inna, karo na farko da na ga ta dube ta ido cikin ido. "In igiya ce kawai, ke ma kina da igiya bisa kai. A sa taki."

Mace ba ta buɗe kai gaban surukarta haka nan, balle a tsakar gida, miji a tsaye. Inna ta zame kallabinta ba ta ko yi jinkiri ba, ta warware jelar kitso ɗaya, ta tsinko sili uku, ta miƙa mini. Sai da na ƙulla su biyu kafin su kai tsawo. Kaka ta taɓe baki ta ce, "Wanga gashi ko a yunwa ba mai so." Amma ta zauna.

Ta yanke sharaɗi: kwalba biyu, wuri ɗaya, a gabanta. In nata ya ci ta, na ɗiyar mutane ma ya ci ta. Ba ta tafiya ta bar gashinta a gidan wasu, ba kuma ta ɗaukar abin da ba ta ga ƙarshensa ba. A kwance kaya. Abin da ya gudana tsakanina da Baba a bayan rumbu da la'asar ba ya cikin wannan labari.

Ban taɓa samun mai gadin dutse irin Kaka ba, har a ƙasashen da ake biyan mutane don haka. Na gaya mata dokokin mushe sau ɗaya, ta mayar da su kamar ita ta kafa. Kaza ba ta gilmawa. Mai shara ya yayyafa ruwa tukuna. Ni kaina sau ɗaya take barina in leƙa a yini, in na matsa ta ce, "Ja'ira, numfashinki na kaɗa shi." Rana ta uku Inna tana daka, Kaka ta ga fuskar ruwan kwalba tana rawa da kowace saukar taɓarya. Nan take ta hana daka a cikin gida. Aka fitar da turmin Inna gindin bishiyar ƙofar gida, kuma tunda doka doka ce, nata ɗan turmin ma ya bi.

Ƙafarta ba ta barinta ta daɗe a tsaye. Inna ta karɓi taɓaryar, Kaka ta zauna tana bin kowace ƙwayar gero da ido. Aka yi kwanaki haka, a daka na gida, a share turmi, a daka nata. Wata safiya Kaka ta ce wannan wahalar banza ce, gero dai ba ya salla ba ya zuwa majami'a, a haɗa. Da rana Inna ta dama fura ta ajiye a inda ta saba ajiyewa. Ina kallo ta wutsiyar ido Kaka ta jawo ƙwaryar, ta sha ludayi uku, ta ce ba yaji. Ta shanye sauran don ta tabbatar.

Duwatsun suna ta girma. Fuska takwas kowanne, tsini sama tsini ƙasa, garau kamar ruwan da ya daskare, ana hango gashin ya ratsa ta tsakiya. Ba wanda ya sassaƙa su, wannan shi ya fi ɗaure wa Kaka kai. Ta daina duba ko jikinta yana ramewa, ta koma duba wani abu: na Inna ya ɗan fi nata.

Wata rana na dawo na tarar dutsen Kaka ya fito da ƙuraje ko'ina, gindin kwalbar fari da tsaki-tsaki. Na dube ta. Ta kama jan carbi da sauri.

Na ce, "Kaka, wa ya zuba garin alif a nan?"

"Ina na sani? Gidanku ne."

"Kwalba guda aka zuba wa. Kuma ga fari a bakin zanenki."

Ta kakkaɓe zanen ta ce, "Na ga yana jin yunwa ne."

Na yi mata bayani, ina jin daɗi ƙwarai, cewa kowace ƙwayar gari da ta zuba ta zama sabon iri, yanzu maimakon ɗa ɗaya mai ƙiba tana da ɗari masu tamowa. Ta ce bakina ya fi kaina girma. Washegari da na dawo, ƙurajen sun tafi. Dutsen ya ɗan rage amma fuskarsa sumul, ruwan sabo, tatacce. Ni ban yi ba. Kaka ba ta iya tsayuwa a murhu. Ba wadda ta ce mini komai a cikinsu, sai dai na ga ƙyallen tata a shanye, kuma gefen tsohon zanen Inna ne.

Gyambon ya warke tun zafi bai kai tsakiya ba. Mai wanke mata ya sallame ta. Duk ranar kasuwa ƙanen Baba yakan zo daga Gabi da jaki, ya ce Iya a shirya. Sai ta kira ni gabansa, fuska a ɗaure.

"Ja'ira, ya nuna?"

Dutsen alif ba ya nuna. Ba mangwaro ba ne. Muddin ana ƙara masa ƙosasshen ruwa zai yi ta girma, kuma duk ranar da aka ga dama a ciro shi. Na san haka. Na duƙa na leƙa kwalbar, na karkata kai kamar yadda mushe yake yi, na ce, "Da saura."

Ta ce wa ɗanta, "Ka ji. Da saura."

Sau bakwai muka yi wannan, ko takwas. A na uku ne na lura ko kwalbar ba ta kallo idan tana tambayar, kuma tun kafin in amsa ta riga ta sa an sauke wa jakin ruwa an ce ya huta ya koma. Ban taɓa yi mata maganar ba, ita ma haka.

Ranar da mushe ya sa a kawo duwatsu, na je hannu wofi. Wa zai tunkari Kaka ya ce zai kai gashinta lakwal a ajiye a tebur kowa yana gani? Wani yaro ɗan masunta ya zo na ɗaya da wani karkataccen abu mai kama da haƙorin jaki. Nawa ya ninka shi biyu, ga tsabta. Mushe ya ce ni malalaciya ce a gaban aji. Shekara fiye da hamsin ke nan, kuma ban yafe ba.

Sai hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Gona ba ta jiran kowa, wannan karon da jakin ya zo Kaka ba ta kira ni ba. Da safe ta ɗaure kayanta da kanta. Ta sa na ciro duwatsun biyu na shanya a ƙyalle. Kowanne ya kai goro, na Kaka ya ɗan fi, don tun ranar ƙurajen nan, Inna take rage wa tata kwalbar ruwa, tana tsammani ban gani ba.

Kaka ta ce in miƙo mata dutsen niƙa. Na san abin da za a yi: ta fasa, ta zare gashinta, ta tafi da shi ta binne. Hakkinta ne. Na kawo. Ta ɗora nata dutsen a kai, ta ɗaga shi ga rana tana kallon farin silin a ciki, ta daɗe. Baba yana bakin ƙofa yana gyara igiyar jakin da ba abin da ya same ta.

Sai ta ture dutsen niƙan da ƙafa. Ta yage ƙyallen biyu, ta naɗe kowanne daban. Ta ɗauki na Inna ta ƙulle a bakin zanenta.

Ta ce, "Wanga ni za ni tahi da shi. In kin yi mani wani abu, ina da naki."

Sannan ta miƙa wa Inna ɗayan, mai furfurar. "Ungo. Aje mani. Kada ki bari shi jiƙe."

Inna ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu. Ta rungume shi a ƙirji, ba ta tashi ba. Kaka ta ce, "To, mine ne kuma? Tashi ki ɗora mani kaya, rana na yi." Da ta hau jakin ta waiwayo ta ce bayan girbi za ta dawo kitso, a tanadi man shanu mai kyau, na wancan karon ya yi wari. Baba ya raka su har bayan gari, ya daɗe bai dawo ba.

Ta dawo bayan girbin, da na bayansa, har shekara tara. Ba ta bar sallarta ba, ba mu bar majami'armu ba, ba ta kuma daina cewa furar Inna ba yaji ba. Da ta rasu, matan Gabi suka sami ƙullin ƙyalle a ƙasan kwallarta, suka kwance, suka rasa gane farin dutse da baƙin gashi a ciki. Inna tana wurin. Ta ce nata ne, ajiya ta bayar.

Su biyun suna wurina yanzu, a gwangwani ɗaya. Alif idan ya daɗe fuskarsa takan yi fari kamar an barbaɗa gari, ba a ganin ciki sosai. Amma idan na ɗaga na Kaka ga taga da hantsi, silin yana nan.